Ra'ayinmu: A Auna Kayan Adon Amarya Kafin A Yi Guɗa

 Ga shi lokacin bukukuwa ya sake zagayowa, kowace unguwa ka shiga ana kai lefe ko ana karɓa. Kowa ya san yadda abin yake. Da zarar an buɗe akwatuna, sai a ture atamfa da leshi da shadda gefe guda, idon kowa ya koma kan ɗan ƙaramin akwatin nan mai karan-miski a ciki. Sarƙa ce da 'yan kunne? Gwal ne ko fashin? Akwai daimon a jiki? Kafin magariba labari ya gama dangi, wasu na yabo, wasu na taɓe baki.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana yau shi ne wani abu da muka gani da idonmu. Wata maƙwabciyarmu ce, shekararta shida da aure, maigidanta ya kwanta ciwo, likita ya ce sai an yi masa aiki. Da kuɗi suka gagara, sai ta ɗauko sarƙar lefenta, wadda aka yi ta rangaɗa guɗa a kanta ranar da aka kawo, muka raka ta kasuwa. Mai shago ya goga sarƙar a kan wani baƙin dutse, ya ɗiga ruwan gwaji a kan zanen, nan take zanen ya ɓace. Ya ɗaga kai ya ce, "Hajiya, sai haƙuri, wannan tagulla ce aka yi wa ruwan gwal." Mijin bai sani ba. Yayarsa da ta haɗa lefen ma ba ta sani ba, kuɗin gwal ta biya cif, amma ba ta karɓi rasit ba, wanda ya sayar mata kuwa ya daɗe da tashi daga wurin. Abin da ya rufa wa baiwar Allah nan asiri a ranar shi ne wasu 'yan kunne ƙanana, giram 4 kacal, waɗanda mahaifiyarta ta saya mata tun tana firamare.

Saboda haka ra'ayin wannan fili a taƙaice shi ne: kayan adon amarya dukiyarta ce, ajiyarta ce ta ranar da babu. A saye su yadda ake sayen dukiya, da awo da gwaji da takarda, kuma daidai ƙarfin mai saye.

Yadda iyayenmu suka ɗauki abin

Kakanninmu sun riga mu gane wannan. A da, abin da ake yi wa amarya ado da shi azurfa ce da murjani da tsakiya. Maƙeran fari na Kano da Katsina da Damagaram, da na Agadas da suka yi suna a ƙira, sukan narka riyalolin azurfa, irin masu hoton Sarauniya Mariya Tereza ta ƙasar Ostiriya masu ɗauke da shekarar 1780, su ƙera munduwa da warwaro da zobba. Mace tana sanye da su ranar suna da ranar salla, amma ta san nauyin kowanne. In fari ya zo, ko aure ya mutu, ko miji ya riga ta gidan gaskiya, sai ta cire ɗaya ta sayar, ta ja jari ko ta sayi hatsi.

Ko sadaki ma da zinariya aka auna shi. Mafi ƙarancinsa a wurin malamanmu na Malikiyya rubu'in dinari ne, dinari ɗaya kuwa giram 4.25 ne na zinariya, wato rubu'insa ya ɗan haura giram 1. Hikimar a fili take. Kuɗin takarda yau suna da daraja gobe sun zube, zinariya kuwa ko'ina aka kai ta an san ta.

Ga misali don 'yan makaranta su yi lissafi. A watan Janairu na 1980 farashin oza ɗaya ta zinariya, wato giram 31.1, ya kai dala 850 a kasuwar duniya. A lokacin naira ta fi dala ƙarfi, saboda haka kuɗin bai cika naira 500 ba. A watan Oktoba na 2025 wannan oza ɗaya ta haura dala 4,000, abin da ya fi naira miliyan 5. Wadda ta ƙulle naira 500 a bakin zane tun 1980 kuwa, yau kuɗin ba za su saya mata babban burodi ba. 'Yan'uwanmu na Nijar su ma ba su manta da watan Janairu na 1994 ba, lokacin da aka wayi gari an rage darajar sefa da rabi. Amma kada a ce mun ce gwal ba ya faɗuwa. Bayan tashin 1980 ya yi ta sauka, har a 1999 oza ta koma ƙasa da dala 300. Wanda ya saya don ya sayar bayan wata biyu yana iya yin asara. Gwal ajiya ce ta shekaru.

Abin da za a duba a jikin gwal

Abu na farko karat. Zinariya tsantsa ita ce karat 24, amma tana da taushi ƙwarai, tana lanƙwashewa, shi ya sa maƙera ke gauraya ta da jan ƙarfe ko azurfa don ta yi ƙwari. Yawan zinariyar da ke cikin gaurayen shi ake nufi da karat, kuma akan buga lambarsa a jikin kaya, a wajen maƙallin sarƙa ko cikin zobe. Lamba 916 tana nufin karat 22. Lamba 875 karat 21 ke nan, irin wanda aka fi kawowa daga Saudiyya da Dubai. Lamba 750 karat 18, irin wanda aka fi sani da ƙirar Italiya. Lamba 585 karat 14, lamba 375 kuwa karat 9, wanda zinariyar cikinsa ba ta kai rabi ba. Ma'anar lambar ita ce kashi nawa ne zinariya cikin kashi 1,000.

To ga amfanin sanin wannan. Sarƙa mai nauyin giram 20, in karat 21 ce, akwai zinariya giram 17 da rabi a cikinta. In karat 18 ce, giram 15 ne. Ido ba zai raba su ba, amma bambancin giram 2 da rabi kuɗi ne masu yawa. Wadda aka sayar wa karat 18 a farashin karat 21 an cuce ta, ko da kayan gwal ne na gaske.

Abu na biyu gwaji. Lambar da ke jiki ba hujja ba ce ita kaɗai, domin masu jabu su ma sun iya buga lamba. Maganaɗisu ba ya kama zinariya, saboda haka duk abin da ya manne masa a ajiye shi, amma a sani tagulla ma ba ta mannewa. Gwajin dutse da ruwan asid ya fi, kuma a wasu manyan shaguna akwai na'ura mai nuna yawan zinariya a take. In kayan masu kauri ne kamar warwaro, a nemi a ɗan karce wani lungu da ba a gani a gwada cikin, domin ruwan gwal a sama kawai yake tsayawa. Mai gaskiya ba ya fushi don an ce a gwada. Wanda ya ɓata rai ya ce ana zarginsa, a yi masa sallama a ƙara gaba.

Abu na uku sikeli. A auna a gabanki, ki ga sikelin ya koma sifiri kafin a ɗora, ki karanta lambar da kanki. In da hali a sake aunawa a wani shagon. A nan ne kuma maganar duwatsu take shigowa. Sarƙoƙin nan masu tarin duwatsu masu walƙiya, yawancin duwatsun gilashi ne ko makamancinsa, amma ranar saye da su ake aunawa, a biya kuɗinsu a farashin gwal. Ranar sayarwa kuwa sai a ɓamɓare su, ko a cire nauyinsu daga lissafi. Ke nan an sayi gilashi da kuɗin zinariya.

Abu na huɗu kuɗin ƙira. Farashin kowane abin ado kashi biyu ne, kuɗin zinariyar da ladan wanda ya ƙera. Ladan ƙira ba ya dawowa ranar sayarwa. Iyakar wahalar aikin iyakar tsadarsa, kuma irin siraran ƙirar nan masu rami a ciki, da suke da girma a ido amma ba nauyi, su suka fi saurin lotsewa da karyewa. Warwaro lafiyayye marar tarkace ya fi riƙe kuɗinsa.

Abu na biyar rasit. A rubuta sunan shago, da kwanan wata, da karat, da giram, da farashin giram ɗaya, da kuɗin ƙira, da nauyin duwatsu in akwai. A tambayi mai shago tun a ranar, "In na dawo da shi, nawa za ka cire?" A saka rasit ɗin cikin akwatin lefe tare da kayan, ya isa hannun amarya. Wannan ba rashin kunya ba ne, kuma ba gori ba ne. Kare mutuncin dangin ango ne, kare dukiyar yarinya ne.

Maganar daimon

Yanzu kuma wani sabon yayi ya shigo, musamman a gidajen masu hali da kuma bakin 'yan mata masu kallon hotunan bukukuwa a waya, wai lefe bai cika ba sai da daimon, wai sai an sa zoben alkawari mai dutse. Ya kamata mu san inda abin ya samo asali. An gano daimon a Afirka ta Kudu a 1867, aka kafa kamfanin De Beers a 1888, wanda a da ya daɗe yana riƙe da yawancin cinikin daimon na duniya. Daga 1938 kamfanin ya shiga talla gadan-gadan a Amurka, a 1947 ya fito da kirarin nan da ke cewa daimon ba ya ƙarewa har abada, har ya zama saurayi a can yana jin kunyar neman aure ba da zoben daimon ba. Wato al'adar nan da ake ɗauka ta kaka da kakanni ce ta Turawa, talla ce ta yaɗa ta. Mu a wurinmu waliyyi da shaidu da sadaki su ke ƙulla aure.

Ba mu ce daimon ba shi da kyau ba. Dutse ne da ya fi kowane dutse tauri, walƙiyarsa kuma ba ta dusashewa. Wadda Allah ya hore wa, ta saya ta yi adonta. Amma ta saya da ilimi. Da farko ta tabbatar da abin da ake nufi, domin kalmar lu'ulu'u a bakin mutanenmu tana ɗaukar daimon, tana ɗaukar farin ƙwallon nan da ake samu cikin kawa a teku, har da gilashi mai ƙyalli. Sannan ta san abubuwa huɗu da ake auna darajar daimon da su, bisa tsarin da cibiyar nazarin duwatsu ta Amurka, GIA, wadda aka kafa a 1931, ta shimfiɗa.

Na ɗaya nauyi. Shi ma karat ake ce masa, amma kada a rikita shi da na gwal. Karat na daimon awon nauyi ne, karat 5 ke yin giram 1. A lura, dutse ɗaya mai karat 1 ya ninka tarin ƙananan duwatsu da jimlarsu ta kai karat 1 tsada nesa ba kusa ba. In an ce zobe karat 1 ne, a tambaya, dutse ɗaya ne ko jimla?

Na biyu launi. Ana jera shi da haruffa daga D zuwa Z. D shi ne fari tas kamar ruwa, ana sauka yana ɗaukar ɗorawa-ɗorawa. Tsakanin D da G ko H, idon mai kallo a wurin biki ba zai ga bambanci ba, amma aljihu zai ji.

Na uku tsabta. Yawancin daimon yana da 'yan tabo a ciki tun daga halittarsa, ana duba su da madubi mai ƙara girma sau 10. Tabon da sai da madubi ake ganinsa bai rage kyau ba. Wanda ido ke gani, ko tsaga da ta kai baki, shi ne abin gudu, domin duk taurin daimon, in ya bugu a kan gaɓa yana iya ɓallewa.

Na huɗu yanka. Wannan aikin hannu ne, kuma shi ke fito da walƙiya. Ƙaramin dutse mai kyakkyawar yanka ya fi babba wanda aka yanka ba daidai ba haske.

Duk waɗannan ana rubuta su a takardar shaida daga ɗakin gwaji mai zaman kansa, irin GIA ko IGI, kuma sau da yawa akan zana lambar takardar a gefen dutsen da ƙananan haruffa. Takardar da mai shago ya rubuta da kansa ba ita ake nufi ba. Babban dutse marar takarda, a bar shi.

Akwai kuma masu kama da daimon. Akwai zirkoniya mai araha, wadda ke dusashewa bayan 'yan shekaru. Akwai moisanait, wanda har yana iya ruɗin ƙaramar na'urar gwaji irin ta da. Sannan akwai daimon da ake haɗawa a masana'anta. Shi wannan daimon ne sosai, taurinsa da walƙiyarsa ɗaya da na haƙa, sai da na'ura ta musamman ake raba su, amma farashinsa ya yi ƙasa ƙwarai. Kamfanin De Beers da kansa ya fara sayar da irinsa a 2018 a kan dala 800 kowane karat, a 2025 ya ba da sanarwar rufe wannan reshe bayan farashin ya ci gaba da zubewa. Babu laifi a sayi na masana'anta don ado, laifin shi ne a sayar maka da shi a farashin na haƙa.

Babban abin da muke so uwargida ta riƙe shi ne wannan. Gwal yana da farashi ɗaya na duniya da ake sanarwa kullum, kowane maƙeri zai auna ya biya. Daimon ba haka yake ba. Kafin ya iso shago ya bi hannaye da yawa, daga mahaƙa a Botsuwana ko Rasha ko Kanada, zuwa masu yanka a birnin Surat na Indiya, zuwa dillalai a Antwaf ko Dubai, kowa ya ɗora ribarsa. Ranar da aka zo sayarwa duk wannan riba ta tafi, sau da yawa ko rabin kuɗin ba a mayarwa, a kasuwanninmu ma samun mai saye aiki ne. Ga shi kuma yawanci a kan karat 18 ake dasa shi, domin karat 21 da 22 sun yi taushi da riƙe dutse. Saboda haka in kuɗin na abu ɗaya ne, gwal za a saya. Daimon sai bayan an ƙoshi.

Kira ga iyaye da dangi

Ku iyayen amare, a ji tsoron Allah a daina ƙayyade wa yaro giram. Mun ga samari masu sana'a da mutunci sun janye saboda an ce sai sarƙa irin ta 'yar wance. Mun ga waɗanda suka ci bashi don a fita kunya, amarya ta tare ta iske tukunya ba ta ɗoruwa, kafin shekara an karɓe sarƙar an sayar don biyan bashin da aka saye ta da shi. Mafi muni shi ne aron gwal a saka a lefe, bayan sati biyu a zo a ce za a kai gyara. Zanen aro ba ya rufe katara, kuma auren da aka fara da yaudara yana daɗewa bai warke ba. In ƙarfin yaro na 'yan kunne giram 3 ne, a karɓa da hannu biyu. In na azurfa ne ko fashin mai kyau, a faɗa a fili cewa fashin ne, babu abin kunya. Abin kunya shi ne a kira tagulla gwal.

Ku dangin ango masu haɗa lefe, kada mace ɗaya ta tafi kasuwa ita kaɗai da kuɗin ɗan'uwanta. A tafi da wadda ta san gwal, a je shagon da ya daɗe a wurinsa, a guji na hannu da ake yawo da shi gida gida ana cewa mai shi ta matsu. Araha ba ta ado.

Ku kuma mazaje, mun san kuna leƙa wannan fili, abin da aka ba mace ya zama nata. In buƙata ta taso a roƙe ta, in ta ba da rance a rubuta, a kuma biya.

Ke amarya, kula da kayanki. A cire su kafin wanki da wanke-wanke, domin ruwan bilic yana cin gaurayen gwal. Mayukan sauya launin fata masu sinadarin makuri, ban da illar da suke yi wa jiki, suna ɓata zinariya su mai da ita fari-fari. A fesa turare da humra su bushe kafin a saka murjani ko lu'ulu'un teku. Daimon a ajiye shi daban cikin ƙyalle, don yana karce sauran kaya. Wankinsu ruwan ɗumi ne da sabulu da buroshi mai laushi. Kada a baza hotonsu a waya, kada a nuna wa kowa ma'ajiyarsu, rasit kuma a ajiye shi wani wuri daban. Wadda gwal ɗinta ya taru har ya kai nisabi, dinari 20, wato kimanin giram 85, ta tambayi malamai hukuncin zakka, domin sun bambanta tsakanin wanda ake sawa don ado da wanda aka ajiye don dukiya.

Daga ƙarshe, ku 'yan matanmu na makaranta. Lissafin kashi da awo da malami ke koya muku a aji, ga ranarsa. Yarinyar da ta san 750 kashi uku ne cikin huɗu, ta iya karanta sikeli da rasit, ba a cutar uwarta a kasuwa tana tsaye. Ku raka iyayenku, ku riƙe biro da takarda, ku yi tambaya cikin ladabi, matambayi ba ya ɓata. Kuma kada ku ɗaga wa iyayenku hankali don abin da kuka gani a wuyan wata, ba ku san ko nata ne ba, ba ku san ko na gaske ne ba. Ku tsaya ku gama karatunku, ku koyi sana'a, wata rana ku sayi naku da guminku.

Allah ya ba 'ya'yanmu mazaje nagari, ya sa albarka a cikin abin da aka samu, ya rufa mana asiri duniya da lahira. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.